Tsohuwar Tashar Jiragen TWA da Aka Mai da Otal

A filin jirgin sama na John F. Kennedy da ke birnin Niyok, ƙasar Amurka, akwai wani gini na kankare mai siffar tsuntsu ya buɗe fukafukai. Eero Saarinen ne ya zana shi domin kamfanin jiragen TWA, sai dai ya rasu a 1961, shekara guda kafin a buɗe shi. Tun farkon rayuwarsa ginin ya gamu da cikas, domin an tsara shi kafin zuwan manyan jirage irin su Boeing 747, don haka bai daɗe ba ya yi wa fasinjoji kaɗan. A 2001 kamfanin ya durƙushe, aka rufe tashar.

Abin da ya cece ta daga rushewa shi ne hukumar birnin ta sanya ta cikin gine-ginen tarihi tun 1994. Maƙwabciyarta, tashar kamfanin Pan Am, ba ta sami wannan kariya ba, aka rushe ta a 2013. A 2019 ne aka sake buɗe ginin TWA a matsayin otal mai ɗakuna 512.

Wajibi ne a yaba wa masu aikin kan abu ɗaya: ba su yanyanka tsohon zauren sun mai da shi ɗakunan kwana ba. Sun gina ɗakunan a sababbin benaye biyu daga baya, suka bar zauren da jan kafet ɗinsa da allon nan mai kaɗa haruffa.

Amma a ganina sun wuce gona da iri wajen kwaikwayon 1962. Ma'aikata da tufafin wancan zamani, tsofaffin motoci a ƙofa, har da jirgin Constellation na 1958 da aka mai da mashaya. Tarihi ya zama kayan ado na jawo baƙi. Saarinen kuwa ya zana ginin ne domin matafiyi: ya shigo, ya ratsa zaure, ya bi dogon lungu, ya iske jirginsa. Ainihin wuraren hawa jirgin an rushe su tun kafin a buɗe sabuwar tashar JetBlue a 2008. Yau wanda ya bi lungunan nan biyu, ko dai ya ɓulla a waccan tashar, ko ya nufi ɗakin kwanansa.