Hoton Rago Ranar Jajiberi

'Yan uwana mata, akwai wani zane da ya tsaya mini a rai. Na wani tsoho ne, Antanas Zmuidzinavicius (sunan sai an daure, mu bar shi a tsoho Antanas), mutumin Lituweniya, ƙasar da Tarayyar Sobiyet ta danne daga 1944 har 1990. A wancan zamanin, mai zane in yana son cin tuwonsa cikin kwanciyar hankali sai ya yabi aikin gwamnati.

A 1953, ya haura shekara 70, ya zana kwarin kogin Nemunas, ya raɗa masa suna wai "Nan Tekun Kaunas Zai Kasance". Kun ji fa. Wuri yana nan da ransa, da gonakinsa da mutanensa, amma an riga an yi masa sunan ruwan da zai cinye shi. A 1959 aka datse kogin don samar da wutar lantarki, aka tashi ƙauyuka 45, har tsohon garin Rumshishkes, wanda cocinsa ma sai kwance shi aka yi aka kafa a kan tudu.

Da farko haushinsa na ji. Na ce wannan ai ɗaukar hoton rago ne ranar jajiberin Babbar Sallah, ana shafa masa wuya ana murmushi. Ga shi kuwa a 1957 hukuma ta ba shi babbar lambar girma. Sai daga baya na yi tunani, to yanzu jikar matar da aka tasa daga wannan kwarin, in tana son ganin inda aka binne cibiyar kakarta, ina za ta duba? Sunan ne ya yi wa gwamnati guɗa, fentin kuwa ƙasar ya riƙe mata.

Duk da haka ni dai na fi yarda da Algimantas Kuras, wanda aka haifa a 1940. Ya tashi lokacin da ake tsotse fadamu ana rushe gidajen gona don faɗaɗa gonakin gandu, shi kuwa sai ya koma zana tsatsattsun ƙarafa da tarkacen da aka yasar a cikin ciyawa. Ba kyau, wallahi ba wadda za ta rataya shi a ɗakin amarya kusa da jeren kwalla. Amma shi bai yi wa ɓarna kwalliya ba.

Tsoho Antanas sai a 1966 ya rasu, shekara bakwai ke nan ruwan yana kwance a kan abin da ya zana.