Waƙa a Hannun Ɗan Talla

A shekarar 1984 kamfanin Pepsi ya fitar da wata tallar talabijin a Amurka da waƙar "Billie Jean" ta Michael Jackson. An bar karin waƙar, aka sauya baitocinta suka koma yabon lemon kwalba. A 1987 kuma kamfanin Nike ya ɗauki "Revolution" ta ƙungiyar Beatles, wadda aka yi a 1968 kan batun juyin juya hali, ya tallata takalma da ita, har kamfanin faifai na mawaƙan ya kai ƙara.

Wani zai ce ai roƙo ne, kamar yadda Narambaɗa ya wasa Sarkin Gobir na Isa. To, amma akwai bambanci. Makaɗin fada yakan ƙagi waƙa domin ubangidansa, kowa kuma ya san wanda ake wasawa. Shi kuwa ɗan talla waƙar da ta riga ta zauna a zukatan jama'a yake saye, watau ƙaunar da ba shi ya gina ba. Mai sauraro ne ke da asara, domin duk ranar da ya sake jin waƙar, takalmi ne zai faɗo masa a rai.