Tukwanen Satsuma da na Ladi Kwali

Bayan baje kolin Faransa na 1867, Turawa suka kwaɗaitu da tukwanen Satsuma na ƙasar Jafan. Masu zane suka riƙa cika su da ruwan zinariya da hotunan mayaƙan samurai, alhali tun 1876 an hana mayaƙan rataya takobi. Aikin gwanaye ne, amma yawan ado ya binne kyan yumɓu, gama idon baƙo aka yi wa.

Ladi Kwali kuwa, da ta shiga makarantar tukwane ta Abuja, wato Suleja, a 1954, ƙadangare da kifi ta ci gaba da zanawa, abin da ta sani tun ƙuruciya. 'Yan'uwa masu sana'a, daga Tamanrasset har Kano, kada aljihun baƙo ya zaɓa mana zane.