Da'irar Wazifa: Gyaran Zuciya a Tsakiyar Jama'a

Wanda ya taɓa kwana a cikin birnin Kano, ko Zariya, ko Gusau, ya san wannan amon. Da an idar da sallar magariba sai ka ji shi yana tasowa daga wani ƙaramin masallaci ko zaure, muryoyin mutum goma ko ashirin sun haɗu kamar ta mutum guda. Wazifa ke nan, ɗaya daga cikin ayyuka uku da ɗan ɗariƙar Tijjaniyya ya ɗaukar wa kansa alkawarin riƙewa har ya koma ga Mahaliccinsa. Akwai lazimi, wanda yake yi shi kaɗai safe da yamma: istigfari 100, salatin Annabi 100, hailala 100. Akwai zikirin Juma'a, bayan la'asar zuwa faɗuwar rana. A tsakaninsu wazifa take, kuma ita ce na fi so a tsaya a duba, domin a cikinta ne aikin zuciya da zaman tare suka zama abu ɗaya.

Tsarinta ba ɓoyayye ba ne. Ana farawa da istigfari 30, sai Salatil Fatihi 50, hailala 100, a rufe da Jauharatul Kamali 12, a gaban farin ƙyalle da aka shimfiɗa a tsakiyar da'ira. Wannan jeri yana da hikima. Ba a fesa wa tufa turare sai an wanke ta, shi ya sa neman gafara ya zo farko. Mutum ya wuni a kasuwa, ya yi rantsuwar da bai kamata ba, ya ɗaga wa matarsa murya, ya ji zafin arzikin maƙwabcinsa. Kafin ya nemi wani haske, sai ya fara amsa laifinsa sau talatin da bakinsa. Kuma ba a ɓoye yake yi ba. Gwiwarsa na gogar ta wanda wataƙila shi ya ɓata wa rai da rana.

A nan ne, a ganina, ƙarfin abin yake. Ƙa'idar ɗariƙa ta ce idan akwai 'yan'uwa a gari, a taru a yi wazifa tare. Wato ba a bar wa mutum ya gyara zuciyarsa a ɗaki shi kaɗai ba, inda zai iya ruɗin kansa cewa ya zama waliyyi alhali ko gaisuwa ba ya amsawa. A da'ira babu kujerar attajiri. Mai shago a Kantin Kwari da ɗan dakon da ke sauke masa diloli tabarma ɗaya suke zama, kuma in muryar ɗaya ta yi gaba, dole ya jira ta ɗayan.

Ɗariƙar ta samo asali daga Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi ta Aljeriya a 1737, ya rasu a Fas a 1815. Alhaji Umaru Futi ya zauna da ita a Sakkwato zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Amma ba ta zama ta talakawa sosai ba sai da failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta iso. Haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a aikin hajjin 1937 ita ta buɗe masa ƙofar Kano, malaman Salgawa irin su Shehu Atiku Sanka da Shehu Tijjani Usman Zangon Barebari suka karɓe shi. Abin da ya kawo shi ne tarbiyya: cewa sanin Allah da zuciya ba gadon masu doguwar halwa kaɗai ba ne, tela da mahauci da ɗan koli ma suna iya ɗanɗana, in sun sami mai riƙe musu hannu.

Fatake sun gane amfanin wannan tun da wuri. Bahaushen da ya sauka a zangon Kumasi ko unguwar Sabo ta Ibadan bai san kowa ba, da ya ji amon wazifa ya san ya sami masauki, da wanda zai tsaya masa a ba shi kaya bashi, da masu yi masa sutura in ajali ya riske shi a can. Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Hausawan Sabo a littafinsa na 1969, ya nuna yadda shigarsu Tijjaniyya a shekarun 1950 ta ɗaure su wuri guda. Shi amanar ciniki ya fi gani. Ni kuwa ina ganin har da maganin kaɗaici, wanda yake cin baƙo fiye da yunwa.

Ba zan ce babu abin suka ba. Tun kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ake ta muhawara a kan asalin waɗannan wuridai, kuma wannan fage ne na malamai. Abin da ya fi damuna daga cikin gida yake. Akwai mai jan carbi shekara talatin, amma hakkin ɗan aikinsa na wuyansa. Akwai masu kiran kansu 'yan haƙiƙa, waɗanda ke fakewa da ma'arifa su yi wasa da shari'a, abin da manyan shehunan ɗariƙar kansu suka sha yin tir da shi. Sannan hankalin matasa ya fi karkata ga babban maulidi mai cika fili, da jerin motoci da lasifika, alhali ƙaramar da'irar unguwa, wadda babu mai ɗaukar ta a waya, tana komawa hannun tsofaffi. Wannan yana ba ni tsoro ƙwarai, domin taron shekara ba ya sanin wanda ya kwana da zazzaɓi.

Sai batun mata. Mafi yawansu a ɗaki suke wazifarsu, tsakanin girki da kukan yaro, sun sami wuridin amma ba su sami da'irar ba. Alhali ƙasar nan ta san 'Yan Taru na Nana Asma'u, inda jagororinsu ke zagaya ƙauyuka suna haɗa mata a kan karatu da tsoron Allah. Abin da aka iya a ƙarni na 19 bai kamata ya gagare mu ba.

A masallacin unguwar da na taso, in an shafa addu'a aka naɗe farin ƙyallen, ba a watsewa nan take. Ana bi da musafaha ɗaya bayan ɗaya, sai muƙaddami ya ɗaga kai ya dubi gurbin da babu kowa, ya tambaya ko lafiya yau kwana biyu ba a ga wane ba. In aka ce yana kwance, mutum uku ko huɗu za su sa takalmansu, su nufi gidansa kafin a kira isha'i.