Salon Rage wa Zance Nauyi a Ingilishi

Daga cikin dabarun adon harshe da ɗalibanmu suka fi tuntuɓe da su a nazarin adabin Ingilishi akwai wadda za mu kira rage wa zance nauyi. Kishiyar kambamawa ce. Mai magana yakan ambaci babban al'amari da kalmomin da suka gaza girmansa, da gangan, bisa amincewar cewa mai sauraro ya san gaskiyar lamarin, zai kuma cike giɓin da kansa.

A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna Romeo da Juliet, an soki Mercutio da takobi, amma da aka tambaye shi sai ya ce ƙwarzane ne. Jim kaɗan ya cika. Da yake 'yan kallo sun ga sukar da idonsu, ƙanƙantar kalmar ta fi kururuwa sosa zuciya.

Salon bai tsaya a adabi ba. A 1982 wani jirgin British Airways ya kutsa cikin tokar dutsen Galunggung mai aman wuta a Indunusiya. Matuƙinsa, Eric Moody, ya shaida wa fasinjoji cewa an sami 'yar matsala, sannan ya faɗe ta: injina huɗu duk sun tsaya. Ya sassauta murya, bai ɓoye gaskiya ba.

Inda ba a yi tarayya a wannan sani ba kuwa, salon yakan zama masifa. A yaƙin Koriya, cikin Afrilun 1951, sojojin Sin sun yi wa wata bataliyar Birtaniya ƙawanya a kusa da kogin Imjin. Birgediya Tom Brodie ya gaya wa janar ɗin Amurka da ke samansa cewa al'amura sun ɗan yi tsami. Ba'amurken ya ɗauki maganar yadda ya ji ta, umarnin janyewa ya makara, aka kashe wasu, aka kama mafi yawansu. Su biyun duk Ingilishi suke yi. Al'adar magana ce ta raba su.

Bahaushe ba baƙon wannan dabara ba ne. Majinyaci na kwance rai a hannun Allah, a tambayi 'yan uwansa, su ce "da sauƙi". Sai dai a ganinmu tamu daga tawakkali da kunya ta samo tushe, ta Bature kuwa daga ƙin nuna ruɗewa, sau da yawa da barkwanci a ciki. Saboda haka muke mamakin ɗalibin da ya tashi da "da sauƙi" a bakinsa, amma idan ya zo fassara sai ya mayar da ƙwarzanen Mercutio "mummunan rauni".