Bakin dodo, muƙamuƙin kare

Ana cikin aikin fim ɗin Spirited Away a Studio Ghibli, can gefen birnin Tokyo, sai aka zo wurin da yarinya Chihiro za ta buɗe bakin wani dodo mai jikin maciji ta cusa masa magani. Mai ba da umarnin fim ɗin, Hayao Miyazaki, ya ce wa matasan masu zanensa su yi shi kamar yadda ake ɗura wa kare magani, sai ya tarar ba wanda ya taɓa yi. Aka ɗauki kyamara aka nufi asibitin dabbobi, aka ɗauko yadda leɓe ke janyewa, dasashi ya fito, hannu na kokawa da muƙamuƙi. Dodon dai babu shi a duniya, amma duk wanda ya kalli wurin zai rantse an taɓa kama shi. Fim ɗin ya fito a 2001, ya ci Oscar a 2003.

Ga yadda sana'ar take. Hoton sinima yana gudu ne sau 24 a daƙiƙa guda. Mai zanen hannu ba dole ya cika duka ba. Sau da yawa zane 12 ko 8 sun wadatar, kowanne a riƙe shi ɗan lokaci. Gwani shi ke zana manyan gaɓoɓin motsi, wato inda ƙafa ta tashi da inda ta sauka, na ƙasa da shi su cike tsakani. Ana ɗora takarda kan takarda bisa teburi mai fitila a ƙasa, ana kaɗa su da yatsu don a ga ko motsin ya zauna. Gwanintar tana wajen tazara: zanuka kusa da juna, abu ya yi nauyi da sanyin jiki, a ware su, ya yi zafin nama. Fim ɗin Ponyo na 2008 ya ci zane kimanin 170,000. A The Wind Rises kuwa, wani wuri na cunkoson jama'a bayan girgizar ƙasa, daƙiƙa huɗu kacal, ya cinye wa mai zane Eiji Yamamori fiye da shekara, domin kowane mutum a cikin taron da nasa uzurin.

Ni dai inda na fi sara musu shi ne wuraren da ba abin da ke faruwa. A Totoro, na 1988, Satsuki da ƙanwarta Mei suna jiran mahaifinsu a tashar bas, dare ya yi, ana ruwa. Barci ya kwashe ƙaramar, yayar ta goya ta. Can yarinyar ta fara zamewa, sai yayar ta ɗan yunƙura ta mayar da ita sama. Duk wadda ta taɓa goyon ƙani ta san wannan yunƙurin a bayanta. Sai bayan ido ya gama yarda da goyon, sannan aka turo ƙaton halittar daji ya tsaya kusa da su, da ganye ɗaya a ka. Ba a yi kururuwa ba. Aka ba shi lema, ya ji ƙarar ɗigon ruwa a kanta, daɗi ya kama shi, ya yi tsalle ya dira, bishiyoyi suka zubo masa ruwansu gaba ɗaya. Wani mai fim da tuni ya cika wurin da kiɗa da guje-guje, wai kada yaro ya gaji. Yaro kuwa ba ya gajiya. Zuru yake yi.

Dazuzzuka da gonakin shinkafar da ke bayan 'yan matan Kazuo Oga ne ya jagoranci zana su da burushi da fenti a kan takarda. Miyazaki, wanda aka haifa a 1941, ya kafa kamfanin Studio Ghibli a 1985 tare da Isao Takahata da Toshio Suzuki, kuma an san shi da fara aiki tun bai gama tsara ƙarshen labari ba. Ya sake cin Oscar a 2024 da The Boy and the Heron.

Tun 2020 da Netflix ta sayi izinin nuna finafinan Ghibli a yawancin ƙasashe, yaran Gwarinpa da Kubwa a Abuja suna iya kallonsu a wayar iyayensu. Iyaye su fara dubawa: Spirited Away cike yake da iskokin addinin gargajiyar Japanawa, kuma iyayen yarinyar aladu suke komawa saboda haɗama. Ba kowane gida ne zai so wannan ba, Totoro ya fi sauƙi.

Abuja ma ba baƙuwar sana'ar ba ce. A nan Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino, shirin yara na kwamfuta mai koyar da al'adun Afirka. Kayan almara kuwa ba mu da talaucinsu: ga Gizo da Ƙoƙi, ga Dodo, ga Dutsen Zuma a hanyar Kaduna da fuskarsa da kowa ke nunawa ta tagar mota. Abin da ke da wuya shi ne kallon. Wanda zai zana matar Gbagyi ta fito daga gindin dutsen nan da itace, sai ya san a kafaɗa take ɗauka, ba a ka ba, sannan ya tsaya bakin hanya ya ga yadda wuyanta ke karkata, da hannun da ke tallafe da ƙwaryar da itacen ke ciki, da abin da nauyin ke yi wa takunta idan ta zo gangara.