Bakteriyar da aka koya wa tona asirin ruwa

A unguwar Madaki, kamar sauran unguwannin Gombe, ruwa yana shigowa gida ta hanyoyi da yawa: na famfo daga Dadin Kowa idan an sako, na burtsatse, na tanka, da na 'yan ga-ruwa masu turo jarkoki a kura. Uwargida tana da nata awon. Ta duba ko ya yi laka, ta sansana, ta kurɓa ta ji ko da zartsi. In ya yi duhu a jefa alif ya kwanta, in ana tsoron amai da gudawa a tafasa. Duk wannan dabara ce mai kyau, amma akwai gubar da ba ta ko gezau da ita. Dalma da zaiba da arsenik ba su da launi a ruwa, ba su da wari, tafasawa kuma ba ta kore su, sai ma ta ƙafe ruwan ta bar gubar ta ƙara kauri.

Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yanke wa dalma a ruwan sha ita ce maikurogiram 10 a lita guda, arsenik ma haka. A jarka mai lita 25, wannan rubu'in miligiram ne kacal. A tanka mai lita 10,000, kashi ɗaya ne cikin goma na giram. Na'urorin da ke iya ganin wannan ƙanƙantar suna ɗakunan gwaje-gwaje na jami'o'i da manyan hukumomi, suna son wuta tsayayya da iskar gas da ƙwararre, kuma sai an ɗauko ruwan an kai musu. Mu a Arewa mun san abin da jinkirin gano guba yake jawowa. A 2010 yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda dalmar da ke cikin dutsen zinariyar da ake niƙawa a gidaje. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura da yawan mace-macen kafin a gano musabbabin. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Sana'ar da nake son yabawa ta taso ne daga wata lura mai sauƙi: bakteriya ta riga ɗan Adam sanin waɗannan gubobi da daɗewa, kuma ta tanadi maganinsu. Ɗauki E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowa. A cikin DNA ɗinta akwai umarnin ƙera wani ɗan famfo da ke fitar da arsenik daga jikinta. Ƙera famfon yana cin ƙarfi, don haka ba ta yin sa a banza. Akwai wani furotin mai suna ArsR da ke zaune a bakin umarnin kamar maigadi a bakin ƙofa, ya hana a karanta shi. Da zarar arsenik ya shigo, sai ya maƙale wa maigadin, surarsa ta sauya, ya saki wurin, ƙofa ta buɗe, a fara ƙera famfo.

Abin da masana suka yi shi ne, suka bar maigadin da ƙofarsa yadda suke, suka sauya kayan da ke bayan ƙofar. Suka ɗauko umarnin yin haske daga wasu bakteriyar da ke walƙiya a cikin duhu, galibi na teku, suka dasa a wurin. Yanzu duk lokacin da arsenik ya ture maigadi, ƙwayar sai ta kama haske. Guba kaɗan, haske kaɗan. Guba da yawa, haske da yawa. Ba su ƙirƙiro ma'auni ba, sun ari wanda Allah ya riga ya halitta ne, suka sa masa fitila.

Na dalma ya fito ne daga wani wuri mai ƙazanta. A 1976 aka tsamo wata bakteriya daga tankin dagwalon wata masana'antar tutiya a yankin Liyej na Beljiyam, inda ba a zaci wani abu mai rai zai zauna ba. Yau ana kiran ta Cupriavidus metallidurans. Tana da nata mai lura da dalma, PbrR, wanda salonsa daban ne: ba ya tashi daga kan DNA, sai dai idan dalma ta kama shi ya murɗa zaren har umarnin ya karantu. Ɗan'uwansa MerR haka yake yi wa zaiba, kuma tun 1993 aka haɗa shi da umarnin haske. Kowane ƙarfe da mai tsaronsa.

Dasa umarnin, a gaskiya, shi ne ɓangare mai sauƙi. Ɗaliban Jami'ar Edinbara sun yi nasu na arsenik a gasar iGEM ta 2006. Gwanintar tana wajen sa abu mai rai ya faɗi gaskiya kullum, alhali yana jin yunwa, yana jin zafi, yana tsufa. Duba matsala ɗaya: an zuba ruwa a kwalba, ba haske. Ruwan ne mai tsabta, ko kuwa gubar ce ta yi yawa har ta kashe masu ba da labarin? Duhu biyu ne, kuma ido ba ya bambance su. Mai gwajin da ya san aikinsa yakan raba ruwan, ya ɗiga wa kaso ɗaya gubar da ya san yawanta. In wannan ya haska, ƙwayoyin suna raye, duhun ɗayan kuma shaida ce ta gaskiya. In shi ma ya yi shiru, sai a sirka ruwan a sake. Wasu kuma suna ajiye wata bakteriyar a gefe wadda kullum a kunne take, dusashewarta ita ce alamar cewa ruwan yana kisa.

Ruwan rijiya kuma ba ruwan ɗakin gwaji ba ne. Inda ƙarfe ya yi yawa a cikinsa, da ya sha iska sai ya yi tsatsa, tsatsar ta riƙe arsenik, ƙwayar ta kasa jin sa. Dole a sa wa ruwan asid tun a bakin rijiya, sannan a daidaita shi kafin a haɗa da bakteriya. Dalma ita ma tana haɗuwa da fosfet ɗin da ke cikin abincin bakteriya ta kwanta a ƙasan kwalba, don haka abincin ma sai an auna shi. Ga kuma ruɗani: mai tsaron arsenik yana amsa wa antimoni, na dalma wani lokaci yana ɗagawa kadmiyom kai. Shi ya sa a kowace rana ta aiki ake jera kwalabe masu gubar da aka san awonta, a karanta haskensu tukuna, sannan a gwada na rijiya da su.

An kai abin fili, kuma ya yi aiki. Bangaladash ce ta tilasta hakan: rijiyoyin burtsatse miliyoyi da aka haƙa don tserar da mutane daga kwalara, daga baya aka tarar cewa da yawa daga cikinsu suna ɗauke da arsenik daga ƙarƙashin ƙasa, har aka koma shafa wa famfo jan fenti ko kore gwargwadon sakamakon gwaji. Kayan gwajin gaggawa da aka dogara da su suna amfani da tutiya da asid su tayar da iskar arsin mai guba, a karanta launinta a takardar da aka jiƙa da sinadarin zaiba, kuma a ƙananan awo sukan yi kuskure. Jan Roelof van der Meer, wanda ya yi aiki a cibiyar Eawag sannan Jami'ar Lozan a Suwizalan, shi da abokan aikinsa na Hanoi sun gwada bakteriyarsu a kan samfurin ruwa 194 daga yankunan kogin Ja da kogin Mekong a Biyetnam, suka buga sakamakon a 2005, ya kuma yi kusa ƙwarai da na babbar na'ura. Daga nan cibiyar UFZ ta Laifzig a Jamus, tare da Hauke Harms, ta mayar da shi kayan aiki mai suna ARSOlux, aka gwada a ƙauyukan Bangaladash a 2010.

Wannan matakin ne ya fi burge ni. Ana daskarar da ƙwayoyin, a zuƙe ruwan jikinsu, su zama ɗan farin gari a gindin kwalba mai toshe da roba. Ba su mutu ba, ba kuma sa motsi. A bakin rijiya mai gwaji ya zuƙi ruwa da sirinji, ya soka ta cikin robar ba tare da ya buɗe ba. Ruwan da ake tuhuma shi ne zai farkar da su. Bayan kamar awa biyu a zura kwalbar a wata ƙaramar na'urar auna haske mai batir, lamba ta fito. Mutum ɗaya zai jera kwalabe da yawa da safe, kafin azahar ya san rijiyoyin unguwa guda.

Lambar kuma tana faɗin wani abu da babbar na'ura ba ta faɗa. Ita na'ura tana ƙirga duk ƙarfen da ke ruwan, har wanda ya ƙulle a laka. Bakteriya tana ba da labarin wanda ya iya ratsa jikin abu mai rai ne kawai. A wurin mai nazarin dagwalon majemu na Challawa da Sharaɗa a Kano, ko tafkunan da ake wanke dutsen zinariya, duka lambobin biyu suna da amfani. Kada dai a ɗora wa kwalbar abin da ba nata ba: a Zamfara ƙura da ƙasar tsakar gida ce ta fi kai dalma cikin yara, kuma da na'urar hannu mai haska ƙasa aka bi ta.

Abu biyu ke riƙe da wannan fasaha kafin ta zama ruwan dare a wuri irin Gombe. Na farko zafi: busasshen garin yana son sanyi, zafin Maris da Afrilu kuwa yana rage masa kwana a ajiya. Na biyu doka. Halitta ce da aka sauya wa DNA, kuma a Najeriya hukumar NBMA, da aka kafa a 2015, ita ke da hurumin ba da izinin irin wannan. Shi ya sa ba a buɗe kwalbar, kuma bayan gwaji ake kashe abin da ke ciki.

Wasu sun zaɓi su kauce wa matsalar gaba ɗaya. A Jami'ar Northwestern ta Amurka, Julius Lucks da ɗalibansa sun cire kayan aikin daga cikin ƙwayar, mai tsaron da DNA da injin karantawa, suka busar da su kaɗai a ɗan bututu, babu abu mai rai a ciki. Tsarin da suka bayyana a 2020, ROSALIND, yana gano dalma da tagulla da tutiya. Wani irinsa na sinadarin fuloraid an miƙa shi ga magidanta a gundumar Nakuru ta Kenya, suka gwada ruwan gidajensu da hannunsu, suka karanta sauyin launi da idonsu. Fuloraid ba ƙarfe ba ne, amma mutanen Gombe ba sa buƙatar a gabatar musu da shi, domin shi ne ke rina haƙoran yara a yankin Kaltungo.